An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Hadda, Harshe da Baiwa a Fim Ɗin 3 Idiots

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarun 1950, lokacin da 'yan kasuwa mutanen Lebanon suka fara shigo da finafinan Indiya gidajen silima na Arewacin Nijeriya, Bahaushe ya riƙe waɗannan finafinai kamar nasa. Manazarta irin su Brian Larkin, a maƙalarsa ta 1997, da Farfesa Abdalla Uba Adamu, sun bayyana dalilin wannan shaƙuwa, wato kusancin al'adun biyu a kan kunya da biyayya ga iyaye da auren tilas. Galibin nazarin da aka yi ya karkata ne ga jigon soyayya. Wannan maƙala kuwa za ta dubi wani fim na barkwanci wanda jigonsa ilimi ne, wato 3 Idiots, wanda Rajkumar Hirani ya ba da umarni, Vidhu Vinod Chopra ya shirya, aka sake shi a watan Disamba na 2009. An ɗebo tushen labarin daga littafin Chetan Bhagat mai suna Five Point Someone na 2004.

Za a auna fim ɗin ne da idon mai kallo na ƙasar Zamfara ta arewa, musamman ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, da ƙannensa da ke sakandare a Shinkafi da Zurmi suna fatan shiga irinta. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, fim ɗin ya gano ciwo na gaskiya amma ya kira shi da sunan da ba nasa ba. Ya ce ciwon hadda ne, alhali abin da ya nuna a fili shi ne rabuwar kalma da ma'anarta. Ya kuma ɗora laifin a kan ɗalibin da ciwon ya kama.

2.0 Taƙaitaccen Labari

Labarin na abokai uku ne da suka haɗu a wata ƙagaggiyar kwalejin injiniya a Delhi. Farhan (R. Madhavan) ɗaukar hoton namun daji yake so, amma mahaifinsa ya zaɓar masa aikin injiniya tun ranar haihuwarsa. Raju (Sharman Joshi) ɗan talakawa ne, mahaifinsa tsohon ma'aikacin gidan waya yana kwance da shanyewar jiki, 'yar'uwarsa kuma ba ta sami miji ba saboda rashin dukiyar aure, don haka tsoron faɗuwa ya cika masa ciki. Na ukunsu Ranco (Aamir Khan) haziƙi ne da ke karatu don son sani, kuma shi ne kan gaba a kowace jarrabawa duk da yawan korarsa daga aji. Abokan hamayyarsu biyu ne: shugaban kwalejin, Farfesa Biru (Boman Irani), wanda ya ɗauki rayuwa a matsayin tsere, da ɗalibi Catur (Omi Vaidya), gwanin hadda.

Zubin labarin na waiwaye ne. An fara shi shekara goma bayan wata rantsuwa da Catur ya yi cewa za a ga wanda ya fi wani cin nasara, Farhan da Raju suna neman Ranco da ya ɓace tun ranar kammala karatu. A hanya suka gano cewa ɗan mai kula da lambun wani attajiri ne, wanda ya yi karatu da sunan ɗan maigidansa bisa sharaɗin ya miƙa masa takardar shaida. Daga ƙarshe suka same shi a Ladak yana koyar da yara, kuma ashe shi ne mashahurin mai ƙirƙira Funsuk Wangdu, mai takardun mallakar ƙirƙira 400, wanda kamfanin su Catur ke neman sa hannunsa ruwa a jallo.

3.0 Wawa da Wawan Sarki

Kafin a shiga jigo, ya kamata a tsaya a kan sunan fim ɗin. Hausa tana da kalmomi da dama a wannan fage: dolo, da soko, da gaɓo, da sakarai, da wawa. Huɗun farko duk rashi suke nunawa, na hankali ko na dabara. Wawa kaɗai ke da fuska biyu, domin akwai wawan sarki, wanda al'adar fada ta ba izinin faɗin abin da waziri ba zai iya faɗa ba, muddin ya lulluɓe shi da ban dariya. Saboda haka Wawaye Uku ita ce fassarar da ta dace, ko da yake a gaskiya mutum ɗaya ne daga cikinsu ya cika sharaɗin. Ranco wawan sarki ne a fadar Farfesa Biru.

A nan ne ƙarfin fim ɗin yake. Alal misali, a ranar farko Farfesa ya nuna wa sababbin ɗalibai wani alƙalami da aka ƙera don rubutu a sararin samaniya, ya ce zai ba da shi ga ɗalibin da ya fi kowa. Ranco ya tambaya, me ya hana a yi amfani da fensir? Farfesa ya rasa amsa, aka yi dariya. Sai a kusan ƙarshen fim, lokacin da yake miƙa masa alƙalamin, ya ba shi amsar: idan bakin fensir ya karye a inda babu nauyi, ɓurɓushinsa zai yi ta yawo ya faɗa ido ko na'ura. Wannan tsari ne mai kyau ƙwarai, domin ya nuna cewa tambayar yaro ta sa malami ya koma bincike, kuma haziƙin ma ba komai ya sani ba. Haka nan fitowar ɗalibi Joy Lobo, wanda ya rataye kansa bayan an hana shi ƙarin lokacin kammala wani ƙaramin jirgi mai farfela huɗu. Ranco ya gyara jirgin a ɓoye don ya faranta masa, ya tashe shi, kuma kyamarar jirgin ce ta hasko gawar ta taga. Dariya ta yanke nan take. Da wuya mai kallo ya manta da wannan fitowa, kuma babu malamin kirki da zai kalle ta bai binciki kansa ba.

4.0 Fitowa Biyu a Kan Harshe

Fitowa biyu ne suka ɗauki saƙon fim ɗin game da hadda, kuma dukkansu idan an duba da kyau a kan harshe suke.

A ta farko, malami ya nemi a ba shi ma'anar inji. Ranco ya ce inji shi ne duk abin da ke rage wa ɗan'adam wahala, sannan ya juya zuwa harshen Hindi yana jero misalai, daga fanka da wayar tarho har zuwa zif ɗin wando. Malami ya fusata. Catur ya miƙe ya zubo ma'anar littafi da Turanci, doguwa, ba tuntuɓe, aka yaba masa. Abin lura shi ne, bambancin ɗaliban nan biyu ya wuce na mai fahimta da mai hadda. Ɗaya ya iya ɗauko ra'ayi daga Turanci ya sauke shi a harshen gida da kayan gida. Ɗayan kuwa ba shi da inda zai sauke shi.

Fitowa ta biyu ita ce mafi shahara. An zaɓi Catur ya yi jawabin Ranar Malamai a gaban Ministan Ilimi. Fim ɗin ya riga ya sanar cewa a Yuganda aka haife shi, a Pondiceri ya yi makaranta, Hindinsa kuma gurguwa ce. (Shi kansa ɗan wasan haifaffen Amurka ne.) Mai kula da laburare ya rubuta masa jawabi da Hindi mai zurfi, shi kuma ya haddace ba tare da sanin ma'ana ba. Ranco ya faki ido ya sauya kalmomi: inda aka ce chamatkar, wato abin al'ajabi, ya sa balatkar, wato fyaɗe, ya kuma maye kalmar dukiya da sunan wata gaɓa ta jikin mace. Catur ya hau mumbari ya karanta da alfahari, zaure ya kece da dariya, shi kuwa yana zaton yabo ne.

Fim ɗin ya ce wannan sakamakon hadda ne. To, amma da jawabin da Turanci ne, harshen da Catur ya iya, ai da ya gane sauyin tun a layin farko, komai son haddarsa. Abin da ya kayar da shi baƙon harshe ne. Mai kallo a Ƙaura yakan ɗauki kansa a matsayin Ranco, don shi ne tauraro, amma idan aka bi tarihin karatunsa, Catur ya fi kama da shi. Yaro ne da ya tashi a Zurmi ko Shinkafi bai san wani harshe ba sai Hausa, ko Hausa da Fulatanci, aka fara karanta masa ma'anonin kimiyya da Turanci tun bai iya haɗa jimla ba, ya kwafe daga allo, ya haddace, ya mayar a takardar jarrabawa. Da za a sauya masa kalma ɗaya a ma'anar da ya haddace, shi ma ba zai lura ba. Wannan ba ya nuna daƙiƙanci. Dabara ce ta wanda aka jefa kogi ba a koya masa iyo ba, ya kama abin da hannunsa ya samu. Fim ɗin ya mai da wannan yaro abin dariya daga farko har ƙarshe, bai taɓa tambayar wa ya ba shi rubutun da ba ya fahimta ba.

Dariyar gurguwar magana ba baƙuwa ba ce a wasan kwaikwayon Hausa. Usman Baba Pategi ya gina Samanja a kan Hausar barikin soja, marigayi Rabilu Musa Ibro kuma ya sha kwaikwayon Turancin wanda bai yi boko ba. Sai dai Samanja mai iko ne a barikinsa, Ibro kuma yakan fita da wayonsa, don haka mai kallo tare da su yake dariya. Catur shi kaɗai ne a zauren bai san abin da ake wa dariya ba. Bugu da ƙari, gina barkwanci mai tsawo a kan kalmar fyaɗe aibi ne babba a fim ɗin da ke da'awar gyaran tarbiyya, kuma duk mai niyyar juya shi zuwa Hausa zai tarar wannan fitowa ba ta fassaruwa, don wasan kalmar na Hindi ne, kunyar Bahaushe kuma ba za ta ɗauki ma'anar ba.

5.0 Hadda a Ƙasar Hausa

Akwai haɗari idan aka karɓi hukuncin fim ɗin a kan hadda ba tare da tacewa ba, domin kalmar tana da wani matsayi a ƙasar Hausa. A tsangaya, almajiri yakan haddace Alƙur'ani, ya yi tilawa, ya rubuta shi da ka, har ya kai matsayin alaramma ko gwani. Wannan horo ne na ƙwaƙwalwa da natsuwa wanda ba a raina shi. Amma abin da ya fi dacewa da wannan nazari shi ne mataki na gaba, wato makarantar ilimi ta zaure. A can ɗalibi yakan buɗe Ahalari ko Ishmawi ko Iziyya ko Risala, ya ja baƙi da Larabci gaɓa gaɓa, malam yana bin sa da fassarar Hausa, yana kawo misali daga rijiya da gona da kasuwa. Wato tsarin gargajiya bai bar kalma ta rabu da ma'anarta ba. Ya yarda cewa harshen littafi baƙo ne, ya gina masa gada da harshen gida. Ta haka ne kalmomi irin su farilla da mustahabbi da alwala suka zama Hausa, har tsohuwar da ba ta taɓa riƙe littafi ba tana iya bayaninsu.

Makarantar boko ce ta kasa gina irin wannan gada ga kimiyya, ko da yake an yi yunƙuri. Rupert East da Abubakar Imam sun rubuta Ikon Allah don bayyana halittu da Hausa. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin Ife, inda aka koyar da yara dukkan darussan firamare da Yarbanci shekara shida, aka kuma ga ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin kansa. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi koyarwa da harshen uwa a shekarun farko na firamare. A 1990 aka buga Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Farfesa Dalhatu Muhammad ya tace. A watan Nuwamba na 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a koyar da harshen uwa har aji shida, sannan a watan Nuwamba na 2025 aka soke wannan manufa aka koma Turanci. Duk inda mutum ya tsaya a wannan muhawara, fitowar jawabin Catur hujja ce a cikinta, ko da masu fim ɗin ba su nufa ba.

6.0 Matsalar Baiwa

Rauni na biyu ya shafi tauraron kansa. Fim ɗin yana wa'azin cewa a bi ƙwarewa, nasara za ta biyo baya. Amma wanda aka kafa hujja da shi mutum ne mai baiwar da ba a saba gani ba, wanda tun yana yaro yake warware lissafin manyan azuzuwa. Idan irin wannan ya ƙi halartar aji ya zo na ɗaya, ba a koyi komai ba game da hanyar koyarwa, an dai ga baiwa. Fim ɗin da kansa ya nuna Farhan da Raju, da suka bi sawunsa, su ne na ƙarshe a jerin sakamako. Zaɓen Aamir Khan, yana da shekara 44, ya fito a ɗalibi ya ƙara wannan tazara, domin Ranco bai taɓa zama yaro mai ruɗewa ba. Malami ne da aka sa wa rigar ɗalibi, ba ya kuskure, ba ya sauyawa.

Tambayar abin da za a yi wa haziƙai ba sabuwa ba ce a Arewa. A 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, inda ake tace yara ta jarrabawa, kuma sun fitar da likitoci da injiniyoyi masu yawa. Wannan abin yabo ne. Sai dai ingancin tsarin ilimi ana auna shi ne da abin da ya yi wa matsakaicin ɗalibi, wanda shi ne mafi yawa a kowane aji. Haziƙi ko a ina aka ajiye shi yakan nemi hanya. Fim ɗin bai da abin da zai ce wa matsakaici illa ya yi sa'ar aboki haziƙi.

Har ila yau, ƙarshen labarin ya warware abin da farkonsa ya ƙulla. An shafe kusan awa uku ana cewa rayuwa ba tsere ba ce, sannan aka rufe da nuna cewa Ranco ne ya ci tseren, Catur yana bin sa yana roƙo. Da an bar shi malamin makaranta a ƙauye, mai rufin asiri, da saƙon ya tsaya da ƙafarsa. An danganta wannan ɓangare da Sonam Wangchuk, injiniyan Ladak da ya kafa ƙungiyar gyaran ilimi a 1988 tare da abokansa. Abin sha'awa, ɗaya daga cikin abubuwan da ƙungiyar ta yaƙa shi ne koyar da yaran Ladak da harsunan da ba nasu ba. Fim ɗin ya ɗauki duwatsun Ladak da tafkinta, ya bar wannan darasi.

Batun takardar shaida ma haka yake. Ranco ya ba da digirinsa kyauta, ya ce ilimin ya ishe shi. Ga wanda ya kammala babbar difloma a Ƙaura Namoda, wanda ya san daɗaɗɗiyar taƙaddamar fifita digirin jami'a a kan takardarsa wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma, wannan magana ce ta wanda bai taɓa tsayawa layin neman aiki ba. Ga yaran Shinkafi da Zurmi kuwa, waɗanda rashin tsaro ya sha katse musu karatu, matsalar Raju ta fi kusa da su fiye da ta kowa a fim ɗin. Amma talaucin gidan su Raju an nuna shi ne da hoto baƙi da fari, ana kwaikwayon tsofaffin finafinai don a ba da dariya.

7.0 Kwatanci da Wani Fim

Yana da amfani a ajiye 3 Idiots kusa da Real Genius, fim ɗin Amurka na 1985 wanda Martha Coolidge ta ba da umarni, Val Kilmer ya fito a tauraro. Shi ma barkwanci ne a kan haziƙan ɗaliban kimiyya da mugun farfesa. Ɗaliban sun ƙera na'urar hasken lesa mai ƙarfi, daga baya suka gane cewa makamin kisa daga sama aka sa su yi ba da saninsu ba, suka rama ta hanyar juya hasken kan gidan farfesan da suka cika da masara, gidan ya tumbatsa da gugguru. Fim ɗin bai kai na Indiya taɓa zuciya ba, amma ya yi tambayar da wancan bai yi ba: wa zai amfana da ilimin haziƙi? A 3 Idiots kimiyya alheri ce tsantsa. Mafi kusa da amsa ita ce fitowar da ɗalibai suka karɓi haihuwa cikin ruwan sama da ɗaukewar lantarki, da baturan mota da na'urar zuƙe shara. Duk da wuce gona da irin da ke cikinta, ita ce za ta fi shiga ran mutumin Ƙaura, wanda ya san makanikai da masu gyaran injin ban ruwa a fadamun Gagare, masu ilimin hannu da Hausa suka koye shi, ba su da takarda.

8.0 Kammalawa

Fim ɗin 3 Idiots ya cancanci farin jininsa. Ya iya sarrafa dariya da hawaye, ya kuma fito da matsin da iyaye da malamai ke yi wa ɗalibi a fili. Amma wannan nazari ya nuna cewa ya bar jaki yana dukan taiki. Ya ga yaro yana furta abin da bai fahimta ba, ya hukunta yaron. Ya ga tsari yana danne matsakaici, ya kawo haziƙi a matsayin magani.

Malamin da zai nuna wa ɗalibansa wannan fim a Ƙaura Namoda yana iya cin moriyarsa ta hanya mai sauƙi. Bayan fitowar ma'anar inji, ya tsayar da fim ɗin, ya nemi kowane ɗalibi ya bayyana wata ma'ana da ya haddace a darasinsa, da Hausa, yadda mahaifiyarsa za ta gane. Abin da zai biyo baya zai nuna masa yawan masu halin Catur a ajinsa. Aikin da ya rage kuwa na masana harshe ne da malaman kimiyya tare: su samar da kalmomi da littattafan da za su yi wa kimiyya abin da malaman zaure suka yi wa fiƙihu.